Kunnen da Ya Rage Wa Mai Niƙa

Ranar da suka dawo daga asibiti, magana ɗaya tak ce ta shigo gidan tare da su. Sauran duk a ofishin likita aka baro su. Maigida ne ya ɗauko ta, ya kuma sauke ta a tsakar gida tun bai cire takalmi ba.

"Ba kansa ba ce," in ji shi. "Ɗan ƙari ne a jijiyar kunne, kuma ba ya yaɗuwa. Ko aiki ba za a yi mata yanzu ba, sai dai a riƙa dubawa."

Inna, mahaifiyarsa, ta ɗaga hannuwa sama daga kan tabarmarta. "Alhamdu lillahi! Ashe lafiyarta ƙalau. Ni dama na faɗa."

Matar tasa tana tsaye dafe da bango, domin tun da suka sauko daga mota ƙasa ba ta daina yi mata lilo ba. Ta so ta ce ba nan likita ya tsaya ba. Ya ce kunnen hagu ya tafi, ba zai dawo ba. Ya ce jijiyar da ƙarin ya danne ita ce kuma ke tsai da mutum daidai a kan ƙafafunsa, shi ya sa ƙwaƙwalwarta take aikin mutum biyu tun safe har yamma, tana riƙe ta kada ta faɗi, tana kuma tsinto magana da kunne guda. Gajiyar da take ji daga nan take, ba lalaci ba ne, kuma barci ba ya wanke ta. Daga ƙarshe ya kama nasa kunnen na dama da yatsu biyu ya ce, "Baiwar Allah, wannan kaɗai ya rage miki. Ki nisanta shi da ƙara."

Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta ji ko ƙarfin jera maganar ba ta da shi. Ta shige ɗaki ta kwanta da mayafinta a jiki.

A ɗakin da ke bakin ƙofar gidan akwai injin niƙa. Maigida ne ya saya, shi kuwa yana can shagonsa na siminti a bakin titi, saboda haka ƙaninsa Auta ke kula da shi. Auta ya ba shekara talatin baya, ƙato ne lafiyayye, amma har yau Inna ba ta yarda ya gama girma ba. Kwana takwas da dawowa daga asibiti ya shigo tsakar gida riƙe da kai, ya zube kusa da uwarsa.

"Inna, injin nan zai kashe ni. Kaina sara yake, kunnuwana kuka suke yi ko na kashe shi. So ake in kurumce ina saurayi?"

Inna ta shafa kansa, ta ɗaga ido ta dubi surukarta da ke durƙushe tana wanke kwanoni. Ta daɗe tana kallonta, sannan fuskarta ta washe irin ta wanda ya gano dabara.

"To ga wadda Allah ya riga ya toshe wa kunne, me ya sa za a lalata na mai lafiya? Ita ai ƙarar ba za ta dame ta ba."

Ka ji hankali irin na gidan nan! Da yamma aka gaya wa Maigida, ya sosa gemu, ya ce lallai maganar Inna tana kan hanya. Matar ta ce, "Ai ɗaya ne ya mutu, Maigida. Ɗayan likita ya ce in tsare shi."

"Rabin ƙarar ke nan za ki ji," in ji Auta yana dariya. "Matar Yaya, kin fi ni sa'a wallahi."

Da can takan rama irin wannan tsokana har sai Auta ya gudu. Ranar ba ta iya ba. Maigida ya ce na ɗan lokaci ne kawai, kafin a samu wani. Washegari da safe ta ɗaura tsohon zani, ta shiga ɗakin injin, kuma ba a yi wata guda ba unguwa ta manta da duk sunan da ake kiranta da shi, ta koma Mai Niƙa.

Ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya gare shi, rufin kwano. An kafe injin cikin siminti a jikin bangon gabas. Mazubin hatsi yana gaba, kan injin da bel ɗinsa suna gefe, kuma duk wanda zai tsaya ya zuba hatsi dole kan injin ya kasance a damansa, bai fi kamu biyu daga kunnensa ba. Babu wata tsayuwar sai wannan. Ta gwada juya baya ta zuba da hannun hagu, jiri ya ɗebe ta, saura kaɗan bel ya kama mata zani.

Mata sukan fara layi tun rana ba ta yi zafi ba, da robobin masara da na tattasai da tumatir. Ƙasan ɗakin rawa yake in injin yana aiki, ita kuwa da ma ƙasar da ba ta motsi ma da ƙyar take taka ta. Sai ta kafa ido a kan wata ƙusa da ke bango, ta riƙe bakin mazubin da hannu ɗaya, ta yi ta zubi da ɗayan. Kafin hantsi ya dubi ludayi ta gama ƙarewa. Gajiya ce wadda ba a ƙafa ko a baya take ba, a can cikin kai take, ta sauko ta cika jiki kamar an jiƙa bargo an yafa mata. Takan so ta ce wa mace "miƙo robar," kalmar roba ta ɓace mata. Takan zauna a kan buhu da kofin ruwa a hannu, ta rasa ƙarfin kai shi baki.

In an kashe injin da la'asar, girki na jiranta. Wata rana ta manta gishiri, wata rana ta zuba sau biyu. Ta sha yin karo da bakin ƙofa har kafaɗarta ta yi baƙi. Sau da yawa barci kan sace ta a zaune, loma a hannu.

"Son jiki ne," in ji Inna. "Mu da muka yi daka da hannu muna goye da ɗa, wa ya ji mun ce mun gaji? Ita inji ke yi mata aikin ma, tsayuwa kawai take."

"Kin kwana kina barci fa," in ji Maigida da safe, in ya ga ta kasa tashi. "Wace irin gajiya ce ba ta jin barci?"

Ta sami auduga ta toshe kunnen dama. Kwana uku ta ji ɗan sauƙi. A na huɗu wata mata ta yi ta kiranta tana cewa a sassauta niƙan kada ya yi laushi, ba ta waiwayo ba, matar ta shiga cikin gida ta kai ƙara. Inna ta fito da sandarta, ta sa yatsu ta zare audugar a gaban mutane.

"Kina kore mana jama'a! Kunne ɗaya gare ki, shi ma ki toshe? Wa kike wa baƙin ciki?"

Ta ji kunya ta kama ta har ƙafa. Daga ranar sai ta riƙa cusa 'yar ƙanƙanuwa can ciki inda ba a gani, wadda ba ta tare komai ba.

Abu ɗaya ne ya rage mata a mako wanda take ɗokinsa. 'Yarta, ita kaɗai Allah ya ba ta, tana aure a wani gari mai nisan tafiyar kwana biyu, kuma kowace Lahadi da yamma takan kira. Mai Niƙa takan shige ɗaki ta rufe ƙofa, ta kwanta a gefen hagu, ta ɗora wayar a kan kunnen dama. Ko ba wani abin kirki aka ce ba, muryar yarinyar tana shiga tana kwance mata wani abu a ƙirji. A irin wannan Lahadin ce 'yar ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce cikin jin kunya, "Mama, ina da ciki. Wata biyu."

"Allah sarki 'yar nan! Allah ya raba lafiya."

"In na haihu, kafin kowa ke za a kira. Ke za ki fara jin kukansa, ko ba ki samu zuwa ba."

Ta yi dariya, ta yi kuka, ta ce Allah ya kai mu. Da ta ajiye wayar sai ta lura sau uku ta ce wa yarinyar ta maimaita magana.

Haka abin ya fara. In an kashe injin, kunnen yakan dushe kamar an tura ta cikin randa, sai gari ya waye ya buɗe. Daga baya sai ya kai hantsi bai buɗe ba, alhali a lokacin an riga an sake tada injin. Ta daina jin kukan tsuntsayen da ke kan wayar wuta. Ta daina jin ɗigar famfo. Tsoro ya shige ta, tsoro na gaske, har ya fi gajiyar nauyi.

Ta yi tunani iyakar tunaninta. Ta san ba za a cire ta daga ɗakin ba, Auta ya riga ya sami wurin zama a shagon wani abokinsa mai gyaran waya, inda yake wuni yana ba da labari. Saboda haka ta rage roƙonta har ya zama ɗan ƙarami wanda take ganin ba mai iya hana ta. Ta sami Maigida yana cin abinci, ta durƙusa gefensa.

"Maigida, alfarma ɗaya nake nema. Ban ce a raba ni da injin ba. A juya shi kawai. A fasa simintin, a mai da kan injin hagu, wajen kunnen da ya riga ya mutu. Sai na dama ya koma wajen ƙofa."

Ya tsaya da taunawa. "A juya inji?"

"Buhun siminti ɗaya zai isa. Kai kuwa siminti kake sayarwa."

"Ke kina ganin abin wasa ne. Sai an kira bakanike, sai an kira magini, sai an rufe niƙa kwana huɗu kafin ya bushe. Kwana huɗu mata su saba da wani wurin? Da injin nan muke ci a gidan nan." Ya ga idonta ya ciko, sai ya sassauta murya, domin shi a ganinsa ba mugu ba ne. "To shi ke nan, za a duba. Bari ayyuka su lafa."

Ayyuka ba su lafa ba. Da ta tuna masa, ya ce bakaniken ya yi tafiya. Da ta sake, ya ce magini ya ce a bari ruwan sama ya ɗauke. Inna ta ce inji in yana aiki lafiya ba a taɓa shi, taɓawar ce ke jawo masa ciwo. Auta ya ce, "Matar Yaya, ke ki juya mana, ba ya fi sauƙi ba?" Ya yi dariya shi kaɗai.

Da wata shida suka cika ta koma asibiti, ita kaɗai, domin Maigida ya ce an kawo masa kaya. An ɗauki hoton kai, ƙarin yana nan yadda yake. Amma da aka sa mata abin gwajin ji, likita ya daɗe yana duban takardar sakamakon.

"Kunnen dama ya ragu sosai, kuma ba ƙarin ne ya taɓa shi ba. Wace sana'a kike yi?"

"Niƙa."

"Da inji?"

"Da inji."

Ya ajiye biro, ya jingina da kujera. Sannan ya rubuta takarda mai tsawo zuwa ga mijinta, ya ce ta ba shi hannu da hannu. Ya ce abin da ya tafi ya tafi, amma in ta bar ɗakin yau, wanda ya rage zai iya zama.

Ta dawo riƙe da takardar kamar ta ɗauko ƙwai. Maigida ya karanta a tsaye, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihu.

"Likitoci ke nan. Suna zaune cikin sanyi, ba su san yadda ake rayuwa a gidan talaka ba. Shi zai zo ya yi mana niƙan?" Ya numfasa. "Amma na ji. Zan yi wa bakanike magana a juya shi, in sha Allahu cikin satin nan."

Ya yi wa bakaniken magana kuwa, a bakin hanya, daga kan babur. Iyakarta ke nan. Takardar ta kwana a aljihun rigar har ranar wanki, ita da kanta ta tsinto ta a cikin kumfa, ta zama dunƙule.

Sati biyu bayan haka salansar injin, wadda ke rage masa ƙara, ta tsage. Kai, wannan ƙara! Kwanon rufi har kaɗawa yake. Matan da ke layi suka koma tsayawa a waje suna miƙo robobi ta taga. Ta gaya wa Maigida, ya ce zai sa a duba. Inna ta koma ɗakin can ƙuryar gida ta sa aka rataya mata bargo a ƙofa. Ita kuwa Mai Niƙa tana nan a wurinta, ido a kan ƙusa, hannu a bakin mazubi. Akwai ranakun da gajiya kan kai ta inda ba ta iya tsai da wuyanta, sai ta jingina kai da wani katako da ke tsakaninta da kan injin don kada ta faɗi. Ta san abin da take yi wa kunnen. Ba ta da ƙarfin ɗaga kan ne kawai.

A wayar Lahadi ta koma cewa "to" da "haka ne" ba tare da ta san abin da aka ce ba. 'Yar ta gane, ta kira mahaifinta. Mai Niƙa tana kallon bakinsa lokacin da yake amsawa da fara'a.

"Mamanki ta warware, har aiki take yi. Wayarta ce ta tsufa. Ke dai ki kula da kanki."

Wata Talata da tsakar rana, injin yana tsakiyar aiki, ta ga Maigida ya faɗo ɗakin da gudu, waya a hannu, baki har kunne. Inna na biye da shi tana dogara sanda, Auta a bayanta. Maigida ya kai hannu ya kashe injin. Ta ga bel ya rage gudu, ya tsaya cak. Ƙarar ba ta tsaya ba, tana nan cikin kanta yadda take.

Ya matso ya yi mata ihu dab da fuska. Ta tsinci kalma biyu: ta haihu, namiji.

Ta goge garin hannunta a zani, ta karɓi wayar, ta manna a kunnen dama. Akwai wani abu can nesa, gunji mai kauri marar siffa, mai yiwuwa muryar 'yarta ce. Sannan gunjin ya tsaya. Ta gane an kai wayar bakin jaririn ke nan, domin Maigida ya sa ta a lasifika, kuma ta ga fuskokinsu gaba ɗaya sun narke. Inna ta dafe ƙirji tana dariya. Auta ya toshe kunne da wasa, wai yaron ya cika ƙara. Matan da ke taga ma suna murmushi. Kowa a ɗakin yana jin kukan jikanta.

Ta danna wayar har kunnen ya yi zafi. Ta mai da ita hagu, ta san banza ne, ta sake dawo da ita dama. Ta rufe ido ta tattara duk ƙarfin da ya rage mata wuri guda. Babu komai sai injin da aka riga aka kashe.

"Ina ji, 'yar nan," ta ce, ba ta ma san da ƙarfi take magana ba. "Ina jin sa. Allah ya raya."

Ta miƙa wa Maigida wayar, ta zame ta zauna a kan buhu. Hawaye suka yi hanya biyu cikin garin da ya rufe mata fuska. Inna ta ce kukan murna ne. Sai da aka kashe wayar ta ɗago ta dubi mijinta.

"Ban ji shi ba, Maigida. Ko kaɗan ban ji shi ba."

Ya kau da kai. Ya ce wani abu, daga motsin bakinsa ta ga kamar haƙuri yake ba ta, kamar kuma yana cewa haka Allah ya ƙaddara. Akwai robobi shida a taga. Bayan ɗan jim Auta ya tada mata injin, tunda ita ba ta da ƙarfin jan igiyar, ya fita yana kaɗe riga.

Ranar Asabar bakanike ya zo. Maƙwabcin da bangonsa ke haɗe da nasu ne ya yi rantsuwar zai kai ƙara in ba a gyara salansar ba, kuma Inna ta ce ƙarar tana hana ta barcin rana. Cikin awa guda ya sauya ta. Mai Niƙa tana zaune a bakin ƙofa tana kallon hannuwansa. Da ya gama, ya goge baƙin mai da tsumma, ya zagaya injin, ya buga simintin da ƙafa, ya yi da hannu alamar juyawa yana duban Maigida.

"Maigida, tunda na zo da kayan aiki, ko in kwance shi a juya, kamar yadda ka taɓa ce mini? Ba wani aiki ba ne. Yau in kwance, gobe a zuba siminti, jibi da yamma ya kama."

Ba ta ji ba, amma ta gane alamar hannun, har ta yunƙura ta dafa ƙofa za ta tashi. Maigida ya dube ta. Ya dubi matan da suka fara taruwa da robobinsu a waje.

"Bar shi kawai," in ji shi. "Yanzu ai duk ɗaya ne."

Ta ga bakaniken ya ɗaga kafaɗa, ya mai da kayan aikinsa cikin jaka, ya zuge. Maigida ya raka shi waje suna hira. Inna ta leƙo ta nuna mata layin da bakin sanda.

Ta miƙe da ƙyar, ta bi bango har wurin tsayuwarta. Ta nemo ƙusar nan da ido, ta kama bakin mazubin, kan injin yana damanta inda yake tun farko. Matar da ke gaba ta miƙo robar masara tana faɗin wani abu, ta sake faɗa, sannan ta gaji ta nuna da yatsu. Mai Niƙa ta gyaɗa kai, ta karɓa, ta zuba.